Cikar Kwari Mako Guda: Halin da Ƙwallon Kwandon CIAA Ke Ciki

A ƙarshen watan Fabrairu na kowace shekara, dubban baƙaƙen fatar Amurka kan ɗauki hutu daga aiki, su shirya kayan ado, su kama hanyar gari guda saboda gasar ƙwallon kwando ta wasu ƙananan jami'o'i. Ƙawancen da ya haɗa jami'o'in ana kiransa CIAA. Makarantu goma sha biyu ne a yau, dukkansu daga cikin waɗanda aka kafa domin ilmantar da baƙar fata a zamanin da sauran jami'o'i suka rufe musu ƙofa. Suna wasa a mataki na biyu na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, wato ƙasa da manyan nan da ake nunawa a talabijin kullum. Duk da haka babu wani ƙawance a matakinsu da ke tara jama'a kamar yadda suke tarawa a wannan mako.

Wanda ya ga taron zai ce ƙawancen yana cikin ƙoshin lafiya. Ni kuwa ina ganin taron yana rufe wata damuwa. Goyon bayan da CIAA ke samu na gaske ne, yana da zurfi, amma kusan gaba ɗayansa ya taru a kwana biyar ko shida, kuma mafi yawan kuɗin da yake kawowa yana wucewa ta gefen makarantun ya faɗa aljihun wasu.

An kafa CIAA a 1912 a harabar makarantar Hampton da ke jihar Virginia, shi ne ƙawancen wasanni na baƙar fata mafi daɗewa a ƙasar. Cikin makarantun farko akwai Howard, Shaw, Virginia Union da Lincoln ta jihar Pennsylvania. Ita wannan Lincoln ba baƙuwa ba ce a wajenmu, can Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu. Gasar ƙarshen kaka kuwa sai a 1946 aka fara ta, lokacin da wasu masu horarwa huɗu, ciki har da John McLendon, suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka kama wani zauren dambe mai suna Turner's Arena a Washington. A wasan ƙarshe, ƙungiyar McLendon ta North Carolina College ta doke Virginia Union bayan an yi ƙarin lokaci har sau uku.

McLendon ya koyi wasan ne a Jami'ar Kansas a hannun James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando. A watan Maris na 1944 ya shirya wasa a asirce tsakanin yaransa da wata ƙungiyar ɗaliban likitanci farar fata ta Jami'ar Duke, aka kulle ƙofofin zaure saboda dokokin wariya sun haramta irin wannan haɗuwa. Yaransa suka ci da maki 88 da 44. Wannan shi ne irin ƙarfin da ƙawancen ke da shi a lokacin, kuma dalilin a fili yake: duk wani yaro baƙar fata mai hazaƙa a kudu maso gabashin Amurka ba shi da wurin zuwa sai waɗannan makarantu. Earl Lloyd, baƙar fata na farko da ya taka leda a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a ranar 31 ga Oktoba 1950, daga West Virginia State ya fito, wadda a lokacin tana cikin CIAA. Sam Jones, wanda ya ci kofin NBA sau goma da Boston Celtics, ɗan North Carolina College ne.

Kakar 1966 zuwa 1967 ta fi kowace nuna abin da nake son a lura da shi. A Winston-Salem State, koci Clarence Gaines, wanda ake yi wa laƙabi da Big House saboda girman jikinsa, yana da wani yaro daga Philadelphia mai suna Earl Monroe. Monroe yana zura maki 41.5 a kowane wasa idan aka yi matsakaici. Zauren makarantar ya kasa ɗaukar masu son ganinsa, aka mayar da wasanni babban zauren birnin, fararen fata suka riƙa sayen tikiti suna zama kusa da baƙaƙe a garin da bai saba da hakan ba. Ƙungiyar ta ci wasa 31, ta faɗi ɗaya, ta ɗauki kofin ƙasa na matakinta, karo na farko da wata makarantar baƙar fata ta ci kofin ƙwallon kwando na NCAA. Mutane sun cika zaure a watan Janairu, a tsakiyar mako, babu mawaƙi babu liyafa, saboda abin da ake yi a kan fili ya isa a fito dominsa.

A wannan shekarar ne kuma ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafar ƙawancen. Charlie Scott ya shiga Jami'ar North Carolina a 1966, sauran manyan jami'o'in kudu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya wajen ɗaukar baƙar fata. Babu mai hankalin da zai yi baƙin cikin rushewar wariya, amma ta zo wa CIAA da tsada: yaron da a da zai nufi wajen Gaines yanzu yana da tayin makarantu masu kuɗi da talabijin. A 1970 manyan makarantun ƙawancen, irin su Howard, Morgan State da North Carolina A&T, suka ɓalle suka kafa wani sabon ƙawance mai suna MEAC da niyyar hawa mataki na ɗaya. Hampton ta fice a 1995, Norfolk State ta biyo baya a 1997, North Carolina Central, wato tsohuwar North Carolina College, ta tafi a 2007. Kowace ta tafi da tsofaffin ɗalibanta, da makaɗanta, da abokan gabar da suka sa mutane ke sayen tikiti. Winston-Salem State ma ta gwada sa'arta a 2006, ta ga kuɗin da matakin ke ci ya fi ƙarfinta, ta dawo gida a 2010.

Duk da wannan zubewa, wasan bai mutu nan take ba. Dave Robbins, farar fata na farko da ya zama babban koci a ƙawancen, ya riƙe Virginia Union daga 1978 zuwa 2008, ya ci kofin ƙasa a 1980, 1992 da 2005. A hannunsa Charles Oakley ya fito, aka ɗauke shi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 1985. Oakley ne ya ga wani yaro ɗan ƙauyen Alabama mai suna Ben Wallace ya nuna masa hanyar makarantar. Babu ƙungiyar da ta zaɓi Wallace a 1996, amma ya zama gwarzon mai tsaron baya na NBA sau huɗu, ya ci kofi da Detroit Pistons a 2004. North Carolina Central ma ta ɗauki kofin ƙasa a 1989. Sai dai daga 2006, lokacin da Virginia Union ta faɗi a wasan ƙarshe a hannun Winona State, babu wata ƙungiyar maza ta CIAA da ta sake kaiwa wannan matsayi. A shiyyar da suke fafatawa, makarantun Pennsylvania da na West Virginia, irin su West Liberty da Indiana ta Pennsylvania, su ne suka fi yawan tsallakewa zuwa gaba.

Abin mamakin shi ne yayin da ƙarfin wasan ke raguwa, taron ƙaruwa ya yi. Gasar ta zaga Greensboro, Hampton, Norfolk, Richmond, Winston-Salem da Raleigh, sannan ta sauka a Charlotte a 2006, ta zauna har 2020. A can ta zama wani abu dabam. Ana baje kolin guraben aiki, ana kawo ɗaliban sakandare su ga makarantun, ƙungiyoyin zumunci na tsofaffin ɗalibai suna baje kolin rawarsu, manyan mawaƙa suna zuwa, kowane otal da gidan rawa yana da shirin rana da na dare. Kaka da jika suna zuwa tare. Akwai waɗanda suka yi aji ɗaya shekara arba'in da suka wuce, ba sa haɗuwa sai a wannan mako.

Wanda ya fi kowa zama fuskar wannan al'ada shi ne marigayi Abraham Mitchell, mutumin Suffolk a Virginia, wanda kowa ya sani da Mista CIAA. Shekara da shekaru ya yi yana zuwa da kwat-kwat masu launin makarantun. Zai fito sanye da ja da fari na Winston-Salem State, daga hula har takalmi, da lema a hannu, ya zaga zauren a hankali yana ɗaga wa mutane hannu, ya ɓace, can kuma ya ɓullo cikin wata shiga dabam. Mutane kan miƙe su tafa masa ko da ana tsakiyar wasa. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Al'ummar da aka hana shiga otal-otal da gidajen abinci na tsakiyar birni ta gina wa kanta mako guda da take cika tsakiyar birnin cikin ado da alfahari. Zumunci a ƙafa yake, kuma waɗannan mutane suna taka ƙafar tasu.

Matsalar tana cikin lissafi. A shekarun da gasar take can, hukumar yawon buɗe ido ta Charlotte takan ce makon yana kawo wa birnin kimanin dala miliyan 50 a shekara. A yarjejeniyar da aka sabunta a 2014, abin da birnin ya ɗauki alkawarin bayarwa domin tallafin karatu shi ne dala miliyan 1.4 a shekara. Idan aka raba wa makarantu goma sha biyu, kowace za ta tashi da abin da bai kai dala dubu 120 ba. Akwai kuɗin tikiti da na kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, amma babban kason yana wajen masu otal, masu gidajen abinci, da masu shirya liyafar da ke amfani da sunan makon ba tare da biyan ƙawancen ko sisi ba. Mutane da yawa sukan zo Charlotte su yi kwana huɗu, su kashe kuɗi mai yawa, su koma gida ba su taka ƙofar zauren wasa ba. A wasannin farkon mako, kyamara takan nuna kujeru jere babu kowa alhali titunan waje ba masaka tsinke. Kamar biki ne da aka cika unguwa da kiɗa da ciye-ciye, amarya tana zaune a ɗaki da ƙawaye biyu. Daga 2017 ma sai aka mayar da wasannin farko wani ƙaramin zaure, aka bar babban zauren tsakiyar gari domin kwanakin ƙarshe.

Dangantaka da birnin ta riƙa tsami. Otal-otal kan ninka farashi a makon. A 2015 aka gano otal ɗin Ritz-Carlton yana ƙara kashi 15 cikin ɗari a takardar kuɗin masu shan abu a falonsa, kuma an rubuta ƙarin da sunan CIAA ƙarara. Mutane suka fusata, ofishin babban lauyan jihar ya shiga maganar, otal ɗin ya nemi afuwa ya ba da dala dubu 75 ga asusun tallafin karatu na ƙawancen. A 2016 da 2017 an yi harbe-harbe a cikin gari lokacin makon, a wuraren da ba su da alaƙa da ƙawancen, amma sunan CIAA aka riƙa gani a labarai. Wato ƙawancen yana ɗaukar zargin abin da bai shirya ba, bai kuma ci ribarsa ba.

Shugabar ƙawancen, Jacqie McWilliams, wadda ta hau kujerar a 2012 kuma ita kanta tsohuwar 'yar wasan Hampton ce, ta jagoranci shawarar barin Charlotte. A Janairun 2019 aka sanar da cewa Baltimore ce za ta karɓi gasar. Annobar korona ta hana a yi ta a 2021, aka fara a can a 2022. A ganina shawarar daidai ce. Gari da ya saba da kai yakan daina ganin darajarka, kuma Baltimore, birnin da mafi yawan mazaunansa baƙar fata ne, ta nuna tana son baƙin nata. Zauren da ake wasan a cikinsa, wanda aka gyara aka sa masa suna CFG Bank Arena, shi ne wanda Earl Monroe ya fara wasan ƙwararru a cikinsa da Baltimore Bullets. Alƙaluman kuɗin da birnin ke bayarwa ba su kai na Charlotte ba, amma hakan bai dame ni ba, domin abin da ya ragu yawancinsa na masu liyafa ne.

Sai dai an biya wani farashin. Makarantu shida na ƙawancen suna jihar Carolina ta Arewa, Claflin kuma tana Carolina ta Kudu. Daga Charlotte zuwa Baltimore tafiyar kusan awa bakwai ce a mota. Tsohon ɗalibi mai albashi zai iya hawa jirgi ya kama ɗaki. Ɗalibin shekarar farko a Livingstone ko Johnson C. Smith, makarantun da ke yankin Charlotte, wanda a da zai shiga motar aboki ya isa zaure cikin ɗan lokaci, yanzu sai dai ya kalla a waya. Wannan ɗalibin shi ne ake fatan ya zama mai sayen tikiti nan da shekara ashirin, kuma son da ba a ɗanɗana ba tun ana makaranta da wuya ya tsiro daga baya.

Nan ne maganar wasannin kaka ta shigo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana wasa a ƙananan zauruka na cikin makarantu. Wasu suna da tarihi mai daɗi. Zauren Barco-Stevens na Virginia Union asalinsa ɓangare ne na ginin da ƙasar Beljiyam ta kafa a baje kolin duniya na New York a 1939, aka kwance shi aka kawo Richmond. Zauren Brayboy na Johnson C. Smith ƙarami ne, kujeru suna dab da layin fili, idan ya cika baƙon ɗan wasa ba ya jin umarnin kocinsa. Ranar da Virginia Union ta haɗu da Virginia State, ko Winston-Salem State ta karɓi wata tsohuwar abokiyar gaba, za ka ga makaɗa da masu rawa da ɗalibai a tsaye daga farko har ƙarshe. Amma irin waɗannan ranaku ƙidayayyu ne. Sauran wasannin, iyayen 'yan wasa ne da ɗalibai kaɗan da wasu dattawan unguwa. Makarantu da dama a ƙawancen ɗalibansu ba su kai dubu biyu ba, da yawa daga cikinsu kuma suna aikin yamma domin biyan kuɗin makaranta.

Dokokin shekarun nan sun ƙara wa borno dawaki, amma dawakin manyan makarantu. Tun 2018 aka buɗe rajistar da ɗan wasa ke sa sunansa idan yana neman sauya makaranta. A 2021 aka ba shi damar sauyawa ba tare da zaman shekara guda a benci ba, aka kuma halatta masa karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. Wannan adalci ne ga yaran, kuma ya daɗe da cancanta. Tasirinsa a kan ƙawance irin CIAA kuwa mai nauyi ne. A mataki na biyu, ƙungiyar maza ba ta wuce tallafin karatu goma da za ta rarraba wa 'yan wasanta, kuma ba kowace makaranta ke iya cika goman ba. Yaron da ya haskaka a kaka ɗaya, kafin damina ta wuce wata makarantar mataki na ɗaya ta kira shi. Oakley ya yi shekara huɗu a Virginia Union, jama'a suka san shi, suka ga girmansa a gabansu. Yau ɗan kallo yakan dawo a Nuwamba ya tarar rabin sunayen sun canja. Masu horarwa ma haka: Cleo Hill Jr., wanda mahaifinsa tauraro ne a hannun Gaines, ya ci kofin ƙawancen da Winston-Salem State a 2020 da 2023, sannan a 2024 ya koma Maryland Eastern Shore da ke mataki na ɗaya. Gaines ya yi shekara 47 a kujera ɗaya ya ci wasa 828.

Akwai abin da ya yi kyau a cikin wannan juyi. Kofin ba ya zama a hannu ɗaya. Fayetteville State ta ɗauka a 2022, Winston-Salem State a 2023, Lincoln a 2024, Virginia State a 2025. Bluefield State, wadda ta shigo a 2023, ba ta daɗe ba ta fara ba tsofaffin wahala. Mai zuwa zaure a Baltimore ba ya sanin wanda zai ci, kuma wasannin sukan yi zafi har daƙiƙar ƙarshe.

Amma damuwar da ta fi ta kofi ita ce rayuwar makarantun kansu. Kwalejin Saint Paul's da ke Virginia, daɗaɗɗiyar 'yar ƙawancen, ta soke wasanni a 2011, ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 2013. Saint Augustine's da ke Raleigh, wadda ta yi suna a duniya wajen tsere, ta faɗa cikin bashi da rikici da hukumar tantance jami'o'i, har CIAA ta dakatar da ita daga wasanni a 2024. Waɗannan makarantu suna da tsofaffin ɗalibai da ke zuwa gasar kowace shekara cikin rigunan makarantarsu. Makon bai cece su ba, kuma ba a gina shi ta yadda zai iya ba. Na gwamnati ma ba su tsira ba: a 2023 gwamnatin tarayya ta rubuta wa gwamnonin jihohi 16 cewa cikin shekara talatin an tauye wa jami'o'in noma na baƙar fata fiye da dala biliyan 12 da ya kamata su samu. Virginia tana cikin jihohin, Virginia State kuma ita ce makarantar da abin ya shafa a can.

Saboda haka ba na ɗora laifin a kan masu zuwa liyafa kawai, kamar yadda wasu tsofaffin magoya baya ke yi. Talaucin makarantun ya girmi gasar. Amma akwai abin da ke hannun ƙawancen da magoya bayansa. Duk mai shirya taro da ke cin albarkacin makon ya kamata ya biya lasisi, birnin da ke karɓar baƙin kuma ya taimaka wajen tilasta hakan, tunda shi ke ba da izinin taron. Yarjejeniya da kowane birni ta ƙunshi motocin da za su kwaso ɗalibai daga garuruwan makarantun irin su Salisbury da Orangeburg da Elizabeth City, da ɗakunan kwana masu rahusa dominsu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka iya tara mutum ɗari a otal guda a Baltimore, za su iya sayen tikitin kaka gaba ɗaya su raba wa yaran unguwannin da ke kewaye da makarantunsu. Kuɗin kwana ɗaya a otal a makon gasar ya isa ya sayi tikitin wasannin gida da yawa, kuma wannan kuɗin kai tsaye yake shiga asusun sashen wasanni na makaranta, inda ake biyan tallafin karatu na tara da na goma da kocin ke buƙata kafin ya roƙi ɗan wasansa ya ƙara shekara guda.